Farar abar da nake zarewa daga gadon baya

A gidanmu fawa gado ce. Kakana mahauci ne, Baba mahauci ne, ni ma tun ina ɗan shekara goma nake riƙe ƙafar rago ana fiɗa. Idan aka gama fiɗa aka rataye dabba, aka sa gatari aka raba gadon bayanta biyu tun daga gindin wutsiya har wuya, akwai wata farar aba da za ka tarar kwance cikin wani ɗan kwararo a tsakiyar ƙashin. Ita ce laka. Sai ka sa ɗan yatsa ka ɗago ta, ta biyo hannunka sululu, kana jin wasu 'yan zaruruwa na tsintsinkewa ta gefe da gefe. Ba ta da nauyi a sikeli, ba mai fitowa daga gida don sayenta. Muna yara mukan ɗora ta a gefen tukuba ta gasu, ta narke a baki kamar ƙwaƙwalwa. Na fi shekara 20 ina zare ta, ban taɓa tsayawa na tambayi aikinta ba.

Abin da na sani game da ita a makarantar zaure na ji shi. Da muka zo babin yanka, malaminmu ya lissafa mana makasa guda biyar, wato wuraren da idan dabba ta samu rauni a ɗayansu, a mazhabarmu ta Malikiyya yanka ba ya halatta ta ko da an riske ta da sauran numfashi. Tsinkewar laka na cikinsu. Shi ya sa idan saniya ta faɗo daga mota ta kasa tashi aka yanka ta, Baba ba ya bari a taɓa naman sai ya sa an tsaga bayan ya duba da idonsa. Haka kuma ba a so mai yanka ya zarce da wuƙa har ta kai ga laka kafin rai ya gama fita. Hausa ma ta riga ta faɗa: wanda ya yi laƙwas akan ce jikinsa ba laka, wanda mummunan labari ya riska a ce kamar an zare masa laka. Duk ina faɗar waɗannan kalmomi, amma a baki kawai suke.

Shekara uku ke nan, ranar wata kasuwa, muna lodin shanu a kara. Ƙanena, wanda yake bi mini da mutum biyu a tsakani, lokacin yana da shekara 24, ya hau saman tirela yana ɗaure katakon da ake gicciyawa. Takalminsa na roba ya taka kashin shanu tun a ƙasa. Santsi ya kwashe shi, ya faɗo ta baya, tsakiyar bayansa ya daki bakin dakalin lodi. Da na iso idonsa biyu, yana magana. Ya ce, "Yaya, bayana. Ƙafafuna kamar kiyashi na bi na." Na ga ƙafarsa ta dama ta motsa a cikin ƙura. Da idona na gani.

Mu huɗu muka ɗauke shi, biyu a hannu, biyu a ƙafa, tsakiyarsa na reto kamar buhun da bai cika ba. Muka cusa shi a adaidaita sahu a zaune, a lanƙwashe, na rungume kansa a ƙirjina ina ta ce wa direba ya ƙara wuta. Kusan minti 40 muna faɗawa ramuka. Duk abin da muka yi don ƙauna muka yi shi. Da muka isa asibiti aka ce ya motsa yatsun ƙafa, ya yi ta yunƙuri har jijiyar wuyansa ta fito, ba abin da ya motsa.

Likitan da ya fara duba shi matashi ne. Ya ɗauko wata 'yar allura ya fara tsikarinsa daga ƙasan wuya yana gangarowa. "Kana ji?" "Ina ji." Kan nono, ina ji. Ƙasan haƙarƙari, ina ji. Daidai cibiya, ina ji. Ya sauka ƙasa da faɗin yatsa biyu, ƙanena ya yi shiru yana kallon silin, yana jiran a tsikare shi, alhali an riga an tsikara. Likita ya sa biro ya ja layi a cikinsa, ya rubuta T10 a kati. Ko hoton ƙashi ba a ɗauka ba tukuna, amma ya ɗora yatsa a bayansa shi kansa ya nuna mini inda za a tarar da karayar. Washegari hoto ya fito, nan ɗin ne.

Wannan ya tsaya mini a rai. Da dare, da aiki ya lafa, na same shi a teburinsa na ce, "Likita, don Allah ta yaya allura a ciki ta gaya maka abin da ke baya?" Ya tambayi sana'ata. Da na gaya masa sai ya ce, "Ai Malam kai ka fi ɗalibanmu ganin laka." Ya juya bayan wata takarda ya fara zane. Abin da zan faɗa a ƙasa daga wannan dare ya faro, sauran kuma na tsinta a wata huɗu da muka yi a ɗakin masu karayar baya, daga bakin likitoci da nas-nas da masu gashin ƙashi, da karatun da na dinga yi a waya idan barci ya ƙi zuwa.

Ƙashin bayan mutum gaɓa-gaɓa ne, guda 33 a jere kamar carbi. Bakwai a wuya, 12 a ƙirji inda haƙarƙari ke maƙale, biyar a tsatso, biyar da suka haɗe suka zama allo guda a tsakanin ƙugu, sai huɗu 'yan ƙanana a can ƙarshe. Na ce masa saniya haƙarƙarinta 13 ne a kowane gefe, ya ce haka ne, ta fi mu da gaɓa ɗaya a ƙirji, amma a wuya bakwai ne duka, mutum da rago da raƙumi har da raƙumin dawa. Kowace gaɓa tana da rami a tsakiya, idan suka hau kan juna ramukan su zama kwararo guda, wanda na saba gani a rabe. Laka na fitowa daga gindin ƙwaƙwalwa, ta bi ta wata babbar ƙofa a ƙasan ƙoƙon kai, ta gangaro cikin kwararon. A babban mutum tsawonta wajen santimita 45 ne, ta mace ta ɗan gaza haka. Kaurinta kamar ƙaramin yatsa. Nauyinta bai kai na ƙwan kaza ɗaya ba. Tana ɗan kumbura a wuri biyu, a ƙasan wuya inda jijiyoyin hannu ke fita, da can ƙasa inda na ƙafa ke fita.

Ba a bar ta tsirara ba. Tantani uku ne suka lulluɓe ta: na waje mai tauri, wanda wuƙa ke ɗan turjewa a kansa, na tsakiya mai kama da yanar gizo-gizo, sai na ciki da ya manne mata. Tsakanin na tsakiya da na ciki akwai wani ruwa garai-garai da take iyo a ciki ita da ƙwaƙwalwa.

Su kuwa zaruruwan nan da nake jin suna tsinkewa idan ina zarewa, ashe su ne komai. Saiwoyin jijiyoyi ne. Tagwaye 31 suke, ɗaya dama ɗaya hagu, suna fita ta 'yan kafofin da ke tsakanin gaɓa da gaɓa: takwas a wuya, 12 a ƙirji, biyar a tsatso, biyar a ƙugu, ɗaya a ƙarshe. Likitoci na kiran na wuya da harafin C, na ƙirji T, na tsatso L, na ƙugu S. Kowace an yanka mata gonarta a fatar jiki, kuma iyakokin gonakin kusan iri ɗaya ne a jikin kowa. Babban yatsan hannu na C6 ne, ƙaramin yatsa na C8, kan nono na T4, cibiya ta T10, ƙaramin yatsan ƙafa na S1. Likitan da allurarsa iyakokin gona yake bi, har ya iso inda saƙo ya daina wucewa.

A nan na gane dalilin da ya sa ɗakin da muke kwance, ciwo iri ɗaya ne a baki amma kowa da irin rashinsa. Abin da ke sama da raunin yana nan, abin da ke ƙasa ya yanke da ƙwaƙwalwa. Ƙanena hannuwansa garau, numfashinsa lafiya. Gadon da ke kusa da mu wani direba ne da motarsa ta ƙwace, ya karye a ƙasan wuya. Yana iya ɗaga kafaɗa, ya lanƙwasa gwiwar hannu, ya ɗaga wuyan hannu, amma yatsunsa ba sa damƙar cokali. Da raunin ya ƙara hawa sama da gaɓa biyu ko uku, da numfashin ma sai da inji, domin jijiyar da ke motsa shimfiɗaɗɗiyar tsokar nan da ta raba ƙirji da ciki daga C3 zuwa C5 take fitowa. Abin da ya sami ɗan wasan fim ɗin Amurka Christopher Reeve ke nan, da ya faɗo daga kan doki a 1995 ya karye a gaɓoɓi biyu na farkon wuya. Da taimakon injin numfashi ya rayu har zuwa 2004.

Ranar da na fara komawa kasuwa bayan an sallame mu, na zare lakar wani bijimi, maimakon in jefar sai na shimfiɗa ta a kan katako, na wasa wuƙa, na yanka ta a gicciye. Yaran shago suna kallona. Abin da likita ya zana yana nan: a tsakiya wani ɗan zane mai ruwan toka kamar malam-buɗe-littafi ya ware fukafukai, kewaye da shi fari fat. Na daɗe ina kallon sa. Dubbai na zare a rayuwata, ban taɓa yanka ɗaya ta wannan fuska ba.

Mai ruwan tokan nan shi ne mazaunin ƙwayoyin jijiya. Fukafukan gaba, masu kallon ciki, su ke aika umarni ga tsoka ta motsa. Na baya su ke karɓar abin da fata da gaɓoɓi suka jiyo, zafi ko sanyi ko taɓi. Don haka kowace jijiya da saiwa biyu take manne da laka, ta gaba ta fita da umarni, ta baya ta shigo da labari. Wani likitan Birtaniya, Charles Bell, ya fara hango wannan a 1811, Bafaranshe François Magendie ya tabbatar da shi a 1822. Da na ji wannan sai na tuna wani abokina da ke sayar da goro a bakin ƙofar kasuwa, wanda shan inna ta shanye wa ƙafa tun yana goye. Idan ƙuda ya sauka a ƙafar yana ji, idan rana ta gasa ta yana ji, motsawa ce kawai ba ya iyawa. Ƙwayar cutar shan inna fukafukan gaba take ci, ta bar na baya. Mu kuwa muka ɗora wa iska. A 2016 aka ga na ƙarshen waɗanda ainihin ƙwayar cutar ta daji ta kama a Najeriya, a jihar Borno, kuma ranar 25 ga Agusta 2020 aka bayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita. Ɗigon rigakafin shan innan nan da aka yi ta rigima a kansa a unguwanninmu, wannan ɗan zanen mai ruwan toka yake karewa.

Farin da ke kewaye kuwa hanyoyi ne, wasu na hawa wasu na sauka, kowace da layinta. Farinsa daga wani irin kitse ne da ya naɗe kowane zare kamar robar da ke jikin wayar lantarki, shi ke sa saƙo gudu, har wani yakan ci mita 100 ko fiye a daƙiƙa guda. Hanyoyin suna tsallaka juna. Umarnin motsi daga ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa yakan tsallaka zuwa dama tun a gindin ƙwaƙwalwa kafin ya shigo laka. Saƙon zafi da raɗaɗi shi kuma a cikin lakar yake tsallakawa, jim kaɗan da shigowarsa. Saboda haka wanda aka soka da wuƙa a baya aka yanke rabin lakarsa, ƙafa ɗaya takan shanye, ɗayar kuma tana motsi amma ba ta jin zafin wuta. Wani likita haifaffen tsibirin Morishiyos, Brown-Séquard, ya bayyana wannan wajen 1850, har yau da sunansa ake kiran abin.

A mako na biyar wani abu ya faru da har gobe idan na tuna zuciyata takan yi nauyi. Inna na goge masa ƙafa da ruwan ɗumi, farcenta ya karci tafin ƙafarsa, sai ƙafar ta zabura ta naɗe sama. Inna ta saki tsumman ta yi kabbara. Ɗakin ya ɗauka, masu jinya na ta yi mana barka, aka buga wa Baba waya a kasuwa. Ƙanena kaɗai bai ce komai ba. Da na sunkuya kusa da shi ya ce a hankali, "Yaya, ba ni na motsa ta ba."

Da safe mai gashin ƙashi ta zo. Mace ce mai haƙuri. Ta ce in zauna a bakin gado in saki ƙafa, ta ɗan daki ƙasan ƙoƙon gwiwata da wata 'yar guduma ta roba, ƙafata ta yi harbi. Ta ce, "Kai ka sa ta?" Na ce a'a. Ta juya wajen Inna ta ce, "Mama, ki yi haƙuri da abin da zan faɗa." Ta yi mana bayani cewa laka ba hanya ce kawai ba, tana yanke wasu hukunce-hukuncen da kanta ba tare da ta jira ƙwaƙwalwa ba. Idan ka taka garwashi, saƙo na shiga ta saiwar baya, ya juya nan take a cikin lakar, ya fita ta saiwar gaba, ka janye ƙafa kafin ma ka san me ka taka, ɗaya ƙafar kuma ta ƙage don kada ka faɗi. Sai daga baya zafin ya iso sama ka yi salati. Lakar ƙanena da ke ƙasa da raunin tana raye. Da farko ta yi suman firgita na wasu makonni, yanzu ta farfaɗo tana aikinta ita kaɗai, ba mai tsawata mata daga sama. Ni mahauci ban buƙaci dogon bayani ba. Na sha ganin kazar da aka fille wa kai tana tsalle a tsakar gida. Wani masani ɗan Ingila, Charles Sherrington, ya shafe shekaru yana nazarin wannan aiki na laka, har aka ba shi kyautar Nobel a 1932. Inna ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya yi mata albarka, ta ɗauki buta ta fita. Ta daɗe ba ta dawo ba.

Akwai wani abu da nake so in tsaya a kansa, domin ya shafi gidaje da yawa. Laka ba ta kai ƙarshen ƙashin baya ba. Jariri yana ciki, a wata na uku, tsawonsu ɗaya, amma ƙashi ya fi ta saurin girma, sai ya bar ta a sama. A babban mutum tana ƙarewa ne daidai gaɓa ta farko ko ta biyu ta tsatso, sama da ƙugu sosai. Daga nan zuwa ƙasa sai saiwoyin jijiyoyi kawai, suna lilo cikin ruwa kamar gashin wutsiyar doki, kuma sunan da likitoci suka ba su ke nan a Latin. To allurar nan da ake yi a baya, ko don ɗibar ruwa a gwada sanƙarau, ko don kashe rabin jiki idan za a ciro wa mace jariri, a ƙasa da ƙarshen lakar ake soka ta, tsakanin gaɓa ta uku da ta huɗu ko ta huɗu da ta biyar. Ina yaro lokacin sanƙarau na 1996, wanda ya kama sama da mutum 100,000 a arewacin Najeriya ya kashe fiye da 11,000. Ina tuna manya a zaure suna cewa kada a yarda a ɗebi ruwan bayan yaro, wai shi ke nakasa mutum. Har yau ana faɗa, kuma na ga wanda ya sace ɗansa daga asibiti da dare saboda wannan tsoro. Ruwan da ake ɗiba bai fi cokali ɗaya ko biyu ba, jiki kuwa yana sarrafa kusan rabin lita a kowace rana. Sanƙarau tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka yake kamawa, shi ya sa wuya ke sanƙarewa, kuma shi ne ke kurmantar da yaro ko ya kashe shi idan aka yi jinkiri. Bara da aka zo yi wa maiɗakina aikin haihuwa, 'yan'uwanta suka fara ɗari-ɗari da allurar baya, ni na sa hannu a takarda. Kafin dare ƙafafunta sun saki.

An yi wa ƙanena aiki, aka sa ƙarafa da kusoshi aka tallafe gaɓoɓin da suka karye. Kafin a shiga da shi babban likitan ya gaya mana gaskiya, ya ce ƙashi zai gyara, laka kuwa ba a ɗinke ta. Jijiyar hannu ko ta ƙafa idan ta tsinke aka haɗa, tana iya tofowa a hankali, kamar milimita ɗaya a rana. Zaren da ke cikin laka ba ya yin haka, inda ya mutu tabo ke cikewa ya toshe hanya. Ba lallai ma ta tsinke biyu ba. Yawanci matsewa ce da ƙujewa, sai kumburi ya biyo baya a cikin kwararon da ba shi da wurin buɗawa, jini ya kasa isa, abin da ya tsira da farko shi ma ya mutu. Wanda nasa raunin bai game duka faɗin lakar ba yakan samu wani abu ya dawo, musamman a watannin farko. Mun ga wani yaro da tarin fuka ya ci wa ƙashin baya har ya yi ƙusumbi, aka kawo shi a kwance, bayan magani da aiki ya fita da sanda.

Dangi sun matsa a ɗauke shi a kai wa wani maɗori da ya yi suna. Ina girmama maɗora, wani ya taɓa ɗora mini hannu ya warke sarai. Amma ɗori jan ƙashi ne da murzawa, kuma wannan ƙashin akwai abin da ke kwance a cikinsa mai taushin ƙwaƙwalwa. Na ce wa Baba, "Baba, ka san yadda take narkewa a hannu." Ya yi shiru, sannan ya ce a bar shi inda yake.

Likitocin Masar na zamanin Fir'auna sun rubuta, wajen shekara 1,600 kafin haihuwar Annabi Isa, cewa wanda wuyansa ya goce har bai san hannuwansa da ƙafafunsa ba, ciwo ne da ba a yi masa magani. Haka aka tafi har zuwa yaƙin duniya na biyu, galibin masu wannan rauni ba sa daɗewa. Kuma ba lakar ke kashe su ba, gyambon kwanciya ne da ciwon mafitsara da ƙoda. Wani likita Bayahude da ya gudo daga Jamus, Ludwig Guttmann, ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila a 1944, ya kafa doka a riƙa juya majiyyaci duk bayan awa biyu dare da rana, a kula da fitsarinsa da tsabta, a tashe shi ya yi sana'a da wasa. Gasar harbin baka da ya shirya musu a 1948 ita ce ta girma ta zama gasar nakasassu ta duniya da aka fara a birnin Rum a 1960. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yau sama da mutum miliyan 15 ne ke rayuwa da raunin laka. Wannan doka ta awa biyu ita muka zo da ita gida. Mai lafiya ko yana barci, idan gefe ya gaji saƙo na hawa ta laka ya juya bai sani ba. Ƙanena sai an juya shi, ko ya tashi ya juya kansa.

Mutane ƙafa kawai suke gani. Fitsari da bayan gida ma ta can ƙasan laka ake sarrafa su, daga S2 zuwa S4, saboda haka mafitsara na cika labari ba ya isowa sama, sai da roba da agogo. Gumi ma ya ragu daga layin biron nan zuwa ƙasa. Hunturun farko muka ajiye masa kaskon wuta kusa da gado, da safe muka tarar ƙaurinsa ya tashi ya yi ruwa, shi kuwa barcinsa ya sha. Wata biyu muna wankin ƙunar. Wani dare kuma ƙafafun da ba sa jin allura su ne za su dame shi da raɗaɗi kamar ana zuba barkono, domin jijiyoyin da suka ji rauni suna aika saƙon ƙarya zuwa sama.

Na taɓa tambayar likitan nan matashi ko ɗaukar da muka yi masa ce ta ƙarasa shi. Bai ɗora mini laifi ba. Ya ce faɗuwar kaɗai ta isa ta yi ɓarna mai yawa, amma karyayyen ƙashi idan ana lanƙwasa shi yana iya ƙara yanka abin da ya rage. Sannan ya koya mini yadda ake yi, ya ce in koya wa 'yan kara. Duk wanda ya faɗo daga sama ko mota ta buge shi, ya ce wuyansa ko bayansa, ko ya ce gaɓoɓinsa sun yi nauyi ko kiyashi na bin sa, kada a zaunar da shi, kada a miƙar da shi a ce ya taka a gani, kada a ja masa wuya. Mutum ɗaya ya durƙusa ta wajen kai ya riƙe kan da hannu biyu, kada ya bari ya juya. Idan a kan titi ne a kira jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122. Idan dole sai an ɗauka, a nemo ƙyaure ko benci ko faffaɗan katako, mutum uku ko huɗu su mirgina shi gaba ɗaya kamar gungume, kai da kafaɗa da ƙugu su juya lokaci guda, a ɗaure shi da rawani ko zani, a sa shi a bayan a-kori-kura yana miƙe. Minti goman da za a ɓata wajen neman katako ba asara ba ne. Ranar da ƙanena ya faɗo, katakon da ya hau ɗaurewa suna jibge a gefenmu, taku uku tsakani. Na je wurin Sarkin Fawa na faɗa masa, yanzu akwai wani tsohon ƙyaure da ke jingine a rumfar 'yan lodi, an hana kowa taɓa shi. Sau biyu aka yi amfani da shi.

Ƙanena yanzu shi ke yanka kilishi a shagonmu. Mun rage wa teburin tsawo don kekensa ya shiga ƙarƙashi, kuma hannunsa ya fi na kowa iya fere nama ya fito shara-shara kamar takarda. Duk bayan ɗan lokaci yakan dafa hannuwan keken ya ɗaga jikinsa sama ya ƙirga ashirin, don jini ya zaga mazauninsa. Da babbar sallar da ta wuce, ina raba bayan ragon gida, ɗana mai shekara tara ya miƙo yatsa zai zare lakar kamar yadda ya ga ana yi. Ƙanena ya ce masa, "Dakata, kawo nan." Ya shimfiɗa ta a kan cinyarsa bisa faranti, ya yanka a gicciye, ya ɗaga wa yaron a hasken rana ya ce ya faɗi abin da ya gani a tsakiya. Yaron ya ƙura ido, ya ce malam-buɗe-littafi. Ƙanena ya ɗaga rigarsa ya nuna masa cibiya, ya ce, "To tawa daga nan ta tsaya." Sannan ya ce a miƙo masa cinyar ragon da wuƙarsa.